Lamba Talatin da Shida

Tun da na fara ba ku labarina, saƙonninku kashi biyu ne. Akwai masu yi mini addu'ar shiriya, akwai masu tambayar a ina ake sayar da igiyar. Na gode muku duka. Na kuma lura cewa wasu lokutan mutum ɗaya ne ke turo biyun.

Ga wanda yau ya shigo: sunana Imke, shekarata talatin da takwas, nas ce ni mai bin tsofaffi gida-gida a nan birnin Kiel na bakin teku. In wanke su, in ba su magani, in saurari ƙarya. Mutumin da nake tare da shi sunansa Hauke, ya girme ni da shekara bakwai. Jagoran jiragen ruwa ne, shi ne wanda ke hawa jirgin baƙi ya tsaya kusa da kyaftin yana cewa dama, hagu, har a wuce mashigi lafiya. Kwana shida yana ba manyan maza umarni. A rana ta bakwai babu abin da yake so a duniya irin a ɗaure shi da igiya, a rufe masa ido, kada kowa ya tambayi ra'ayinsa a kan komai. Ni ce mai ɗaurin. Shi ya roƙa, ni na koya, kuma tunda ikirari nake yi, ina jin daɗin aikin.

Mako uku da suka wuce ya nemi aurena. A kicin, yana goge faranti, da muryar da yake karanta hasashen yanayi. Na ce ya ba ni zuwa Lahadin nan da ta wuce.

Ba jan aji ba ne, a shekaruna babu wanda zai kalla. Ga dalilin. A wasan namu akwai kalmomi uku, irin na fitilar titi. Kore, ci gaba. Rawaya, sassauta. Ja, kwance ni yanzu. Duk wanda ya san harkar zai gaya muku ba igiya ce ke riƙe da wasan ba, kalmar nan ta uku ce. To shekara biyu ke nan Hauke bai taɓa cewa ja ba. Ko rawaya. Akwai ranar da na taɓa ɗan yatsansa na ji ya yi sanyi kamar an ciro shi daga firij, na tambaye shi, ya ce kore. Na kwance shi ina masifa, shi kuma yana ba ni haƙuri kamar ya taka mini ƙafa a cikin bas.

Na san irin wannan namijin. Shi ya haife ni. Papa ya yi shekara guda yana ganin jini a fitsarinsa bai gaya wa kowa ba. Sai dai kawai ya fara wanke kamfansa da kansa, Mama ta yi ta ba maƙwabta labari wai mijinta ya waye. Da aka gane, likita bai ma zauna ba ya yi mana bayani. Shekara shida yana kwance, Mama na juya shi, kullum in aka tambaye shi sai ya ce, "Lafiya ƙalau, me ya faru?" Hauke bai san wannan ba. Abin da na gaya masa shi ne Papa ya rasu bayan jinya. Kun ga ni ma na gaji wani abu daga gare shi.

Yanzu batun wata roba.

Matsalar ɗauri mai tsawo ba igiya ba ce, mara ce. Ina ɗaukar minti arba'in kafin in gama ɗaure mutum yadda nake so, bayan awa ɗaya da rabi sai ka ji ya fara motsa ƙugu, shi ke nan sai a warware komai a raka shi banɗaki. Kuma ba a hana wanda ke ɗaure shan ruwa, wannan wauta ce da ke kai mutane asibiti. Hauke kuwa burinsa awa huɗu. Ya daɗe yana faɗa, da irin idon da wasu ke maganar zuwa hutu bakin teku mai rana.

Ni na kawo shawarar, daga wajen aiki. Akwai robar fitsari ta maza wadda ba a cusa ta ciki. Sanya ta ake yi daga waje kamar kwaroron roba, da gam a cikinta don ta kama fata, siririn tiyo ya fito daga bakinta ya gangara zuwa leda. A rage gashi, a wanke, a busar da kyau, kada a shafa mai, a rataye ledar ƙasa da mutum, kada tiyon ya lanƙwashe. Na sa wa tsofaffi ita ya fi sau dubu. Abu ɗaya ne ke sa ta yi aiki ko ta kunyata ka: girmanta ya zama daidai. Shi ya sa take zuwa da katin awo, ɗan kwali mai gurbi biyar, kowane gurbi da lambarsa. Ashirin da biyar, ashirin da tara, talatin da biyu, talatin da shida, arba'in da ɗaya.

Ranar farko a wajen aiki, wadda ta koya mini ta ce, "Imke, kada ki taɓa barin namiji ya auna kansa. Ko a bakin kabari yake sai ya ƙara." Shekara goma sha biyar ban karya dokar nan ba. Sai a kan Hauke. Na miƙa masa katin, na ce ya shiga banɗaki ya auna, ya yi odar da kansa. Wai ina girmama shi.

Kwalin robar ya iso ran Talata. Ya ajiye shi a kantar banɗakina, saman injin wanki, ban ko duba ba. Ran Alhamis Mama ta zo shan kofi. Ta shiga banɗaki tana cikin ba ni labarin 'yar maƙwabciyarta da ta haihu na uku, ta fito ta yi shiru. Mama ba ta yin shiru. Ta shanye kofinta, ta wanke kofin, ta ɗaura gyalenta mai ruwan toka, ta je ta hau bas ɗin da ke zuwa kafin wanda ta saba hawa.

Saƙon farko ya shigo kafin ta sauka.

"Na ga kwalin."

Na rubuta, "Wane kwali?"

"Imke, shekara shida ina buɗe irinsa kowace safiya. Kada ki raina mini hankali."

Sai kuma: "Tun yaushe yake ciwon?"

Sai kuma: "Ni na matsa miki ki yi aure, na sani. Na janye. Kada ki auri gadon jinya."

Shekara goma Mama na bina da maganar aure. Ta haɗa ni da ɗan mai gyaran haƙoranta, ta haɗa ni da wani bazawari mai kiwon zuma. Da Hauke ya bayyana, da aikinsa da gidansa da takalminsa a goge, saura kaɗan ta aure shi da kanta. Yanzu kwali ɗaya ya rushe komai. Kuma me zan ce mata? Mama, kwantar da hankalinki, lafiyarsa ƙalau, ɗaure shi nake yi kamar buhun dankali?

Na rubuta, "Ba abin da kike zato ba ne."

"Haka ubanki ya ce."

Ta ce za ta zo Lahadi da ƙarfe uku da rabi ta gan shi da idonta. Na ce ba ma gida, za mu je bakin ruwa. Ta turo mini babban yatsa. Duk wanda ya san Mama ya san babban yatsanta ba yarda ba ce.

Lahadi ta zo da ruwan sama mai kwanciya a gefe. Unguwa tsit, kantuna a rufe, ko injin wanki ba mai kunnawa don kada maƙwabcin ƙasa ya liƙa maka takarda a ƙofa. Hauke ya iso sha biyu saura biyar, ya tsaya a ƙasa har sha biyu ta cika sannan ya danna ƙararrawa. Ya shigo da jakarsa ta igiya, igiyar rama guda takwas da shi da kansa ya dafa, ya babbake gashinsu, ya shafa musu mai. Yana kula da su fiye da yadda wasu ke kula da 'ya'yansu.

Na san abin da kuke zato na saka. Ku yi haƙuri. Baƙin wando na roba, tsohuwar rigar sanyinsa mai shuɗi wadda gwiwar hannunta ta huje, da safar ulu da Mama ta saƙa mini. Ɗauri aiki ne, ana gumi.

Na shirya ɗakin yadda na saba, na shimfiɗa zanin leda a kan katifa. Na ƙara hita mai ɗumama ɗaki, don wanda ba ya motsi sanyi yake ji. A teburin gefen gado: almakashin asibiti mai dakusasshen baki, agogo, kwalbar ruwa da 'yar robar zuƙa, tawul biyu, cakulan. Wayata a gefe, na kashe mata murya.

"Yau ce Lahadin," in ji shi yana ninke wandonsa a kan kujera.

"Na ga kalanda."

"Tunawa kawai na yi."

"Bayan an gama. Kawo kwalin."

Na yage takardar guda ɗaya, na duba lambar. Talatin da shida.

Jama'a, shekara biyu nake da mutumin nan. Ba na bukatar kati.

"Hauke, ka auna kuwa?"

"Na auna."

"Da katin da na ba ka?"

"Da shi mana, Malama nas. Akwai wani ne?"

"Abin da ya nuna ke nan?"

Ya dubi taga, ya dubi ruwan sama kamar jirgi zai shigo ta can. "Abin da ya nuna ke nan."

Nan ne wurin da zan yi ikirarin da ya fi igiyar nauyi. Abin da ya kamata in yi shi ne in yi dariya, in ɗauko katin, in auna shi, in ce a ɗage zuwa wani makon. Ban yi ba. Na san robar da ta yi wa mutum yawa ba ta ciwo, ba ta lahani, yoyo kawai take yi. Na san gam ɗin zai riƙe na ɗan lokaci sannan ya buɗe ta gefe. Na buɗe durowa na ɗauko zanin leda na biyu na shimfiɗa a kan na farko. Na sa masa robar da hannun da ya san ƙarya yake liƙawa, na matse ta na ƙirga goma, na haɗa tiyon, na rataye ledar a ƙarfen gado. A raina na ce, to, jagoran jirage. In ka kwanta cikin jiƙa ka ce mini kore, na sami amsata.

Na ɗaure shi. Ƙirji, hannuwa a gaba, cinyoyi, idon sawu, ko'ina yatsuna biyu na iya shiga tsakanin igiya da fata. Na gyara tiyon ya bi ta saman cinya don kada igiya ta danne shi. Na ɗaura masa baƙin ƙyalle a ido. Ɗaya saura kwata na gama. Ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka zube, fuskarsa ta koma ta mutumin da ba wanda ke jiran umarninsa. Wannan fuskar ce ta sa nake yi, in kuna son sani. Ba kowa ke samun ganin ta ba.

"Launi?"

"Kore."

Doka ta farko: ba a barin ɗaurarre shi kaɗai, ko na minti ɗaya. Don haka na zauna a kujera, ni da agogo. Duk bayan minti goma sha biyar ina tashi in matsa farcensa in ga jini ya dawo, in ce ya matse yatsana, in ba shi ruwa. Na ba shi ruwa sosai. Allah ya gani, na ba shi fiye da yadda ya roƙa.

Na kasa zama. Na tashi na gyara labule. Na zauna. Na jera littattafan kanta bisa tsawo, na rushe, na jera bisa launi. Wayar ta yi haske.

Mama: "Yaya bakin ruwan?"

"Lafiya."

"A ruwan saman nan?"

"Muna da lema."

"Yana iya tafiya mai nisa?"

Na kife wayar.

Ƙarfe biyu saura goma na ga ruwa ya fara bin tiyon. Kunnuwansa suka yi ja, bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi dariya.

"Abin mamaki," in ji shi. "Shekara arba'in ana hana ni yin haka a gado."

"Yi shiru, kai kaya ne."

"Kore, tun kafin ki tambaya."

Karon farko robar ta riƙe. Har na fara tunanin ko ni ce idona ya tsufa. Na ji wani sauƙi, na kuma ji haushi, kamar wadda ta ɗana tarko ɓera ya zo ya ci ya yi godiya ya tafi.

Ƙarfe uku, karo na biyu, ta saki. Ina kallo. Rabin ya bi tiyo, rabin ya sulale ta gefe ya bi cinya ya taru a ƙarƙashinsa. Na ga lokacin da ya ji. Cikinsa ya ɗaure, haƙoransa suka haɗu, ya ɗan ɗaga ƙugu iya yadda igiya ta bar shi, sannan ya mayar a hankali.

Na taso na tsaya a kansa. Na matsa farcensa.

"Launi?"

Ya juya fuskarsa gefe.

"Kore."

Na koma kujera.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba fushi ba ne. Kamar ka daɗe kana jiran sakamakon gwaji, ka san abin da zai ce, sai kuma ka buɗe takardar ka gan shi a rubuce. Na dube shi a kwance, dogo, furfura a gefen kunne, cikin jiƙa, yana ta ƙoƙarin yin numfashi irin na wanda ba abin da ke damunsa. Na ga Papa. Na ga kaina bayan shekara ashirin ina juya shi ina tambaya, yana ce mini lafiya ƙalau. Na fara shirya kalmomin da zan faɗa masa. Hauke, kai mutumin kirki ne. Duk ƙin aure da haka yake farawa.

Na ba kaina kwata ɗaya. Fata ba ta son zama cikin jiƙa, kuma ko tarko yana da iyaka. Uku da kwata zan kwance shi, in wanke shi, in ba shi cakulan, in ce a'a.

Minti biyar. Ruwan sama na dukan taga. Minti takwas. Na cire safa ɗaya na mayar. Minti goma sha ɗaya.

"Imke."

"Na'am."

Ya juyo da kansa wajen muryata.

"Ja."

Ban san lokacin da na isa gadon ba, almakashi a hannu. "Ina? Hannu? Numfashi?"

"Ba ko'ina. Kada ki yanka mini igiya, don Allah. Ba inda ke ciwo."

Na zare ƙyallen idonsa. Ya ƙifta, ya ƙi duba na.

"Ashirin da tara," ya ce wa silin. "Katin ya ce ashirin da tara. Na auna sau uku. Na ma juya katin ko bayansa zai ce wani abu daban."

"Sai ka tsallake talatin da biyu ka tafi talatin da shida."

"Na ce in dai ƙarya zan yi, in yi mai daraja."

Dariyar ta zo mini tare da wani abu mai zafi a hanci. Na fara warware kullin ƙirjinsa.

"Me ya sa ka ce kore?"

"Don awa huɗu na roƙa. Kin yi shiri, kin ɓata Lahadinki. In ce miki na jiƙa gado saboda na yi ƙaryar... Imke, jirgi mai tsawon titinku nake juyawa da baki."

"To me ya sa ka faɗa yanzu?"

"Don na ji kin daina yawo." Sai a lokacin ya dube ni. "Tun ɗazu kike tashi kina zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Da na ce kore sai kika yi tsit. Na ce shi ke nan, matar nan ta gama shawara." Ya ɗan motsa ƙugunsa, zanin ledar ya yi ƙara. "Kuma zanin leda biyu kika shimfiɗa. Ina ji a bayana. Kin sani tun farko."

Hannuna ya tsaya a kan kullin.

"Na sani."

"Kika liƙa mini ita kika zauna kina ba ni ruwa."

"Eh."

"Mu biyu muka yi dokar nan, Malama nas. Ba ƙarya in akwai igiya. Ni na karya da lamba, ke kin karya da shiru. Kuma mako uku ina kallon ki da maganar da kin ƙi faɗa. Ke yaushe za ki ce ja?"

Ɗaurarren mutum, cikin fitsarinsa, yana yi mini wa'azi. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Sai na gaya masa. Ina warwarewa ina faɗa, don hannu in yana aiki baki ya fi sauƙin buɗewa. Kamfan da Papa ke wankewa, likitan da bai zauna ba, shekara shidan, lafiya ƙalau me ya faru. Na gaya masa Mama ta ga kwalin, ta riga ta yi masa jana'iza. Na saki hannuwansa, na murza su. Na jiƙa tawul da ruwan kwalbar, na naɗe robar a hankali ta fita, ba wuya, dama rabinta a sake take. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ce, "Ban yi miki alkawarin zan riƙa faɗa da wuri ba. Minti goma sha ɗaya ya ɗauke ni yau. Amma ba zai kai shekara ba."

"Ka ƙirga?"

"Aikina ke nan."

Na miƙa hannu in ɗauko masa cakulan, sai na ga wayar na haske ta ƙasa. Saƙo huɗu.

"Tunda ba kwa gida, zan sa muku kek a firij kawai."

"Ina da makulli."

"Na hau bas."

Na ƙarshe, minti shida da suka wuce: "Na sauka."

Daga tashar bas zuwa ƙofata minti bakwai ne da ƙafar Mama. Na dubi Hauke. Daga ƙugu zuwa idon sawu har yanzu a ɗaure yake, igiya huɗu, aikin kwata ɗaya in ana so a yi da mutunci. Can ƙasa na ji ƙofar gini ta rufe da irin ƙarar da take yi.

"Uwata ce."

Ya dubi igiyoyinsa. Ya rufe ido.

"Yanka."

Na yanka. Kowane ƙaras na almakashin sai ya ɗan yi nishi kamar jikinsa nake yanka. Na ja shi ya zauna, na jira jirin ya wuce, na cilla masa rigar wankata mai ruwan hoda, na dunƙule zanin leda da igiya da tiyo na tura ƙarƙashin gado. Makulli ya juya a ƙofa.

Muka fito falo tare. Mama na tsaye a kan tabarmar goge ƙafa, rigar ruwanta na ɗiga, farantin kek ɗin tuffa a hannu an rufe da tawul. Uku da rabi daidai.

"Ashe bakin ruwan ya matso," in ji ta.

"Barka da yamma, Madam Asmussen," in ji Hauke. Rigar wankan ta tsaya masa a saman gwiwa.

Ta ƙare masa kallo irin wanda na sani, na mai jinya: farin ido, launin leɓe, yadda ya tsaya, ko yana dafa bango. Sannan idonta ya sauka ƙasa. Takardar robar da na yage ta liƙe a safata, na jawo ta tun daga ɗaki. Mama ta ba ni farantin, ta sunkuya da gwiwarta mai ciwo, ta ɓamɓare ta, ta nesanta ta da idonta ta karanta.

"Talatin da shida." Ta ɗago ta dubi Hauke daga sama har ƙasa, ba gaggawa. "Wa ya auna?"

"Ni, Madam."

"Uhm. Ubanta ma talatin da shida ya ce." Ta ninke takardar ta sa a aljihu. "Tun yaushe? Kuma kada ka ce mini lafiya ƙalau."

"Ashirin da tara ne, Madam," in ji shi, jajir har wuya. "Amma wallahi lafiyata ƙalau."

"Mai lafiya ba ya sa wannan."

Ya miƙa hannu zai karɓi rigar ruwanta, don duk abin da ke faruwa Hauke ba ya barin mace tsaye da jiƙaƙƙiyar riga. Hannun rigar wankan ya zame baya. A wuyan hannunsa ga sawun igiya, layi huɗu, ja, a jere tsaf, har ana ganin murɗin ramar. Aikina yana da kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida.

Mama ta kama hannun. Ta juya shi. Ta kama ɗayan.

"Imke. Mene ne wannan?"

Hauke ya dube ni ta saman kanta. Leɓensa ya motsa, da ƙyar muryar ta fito.

"Ja."

Sau biyu a rana ɗaya, bayan shekara biyu.

Na ajiye kek ɗin a kan tebur, na jawo kujera.

"Zauna, Mama. Ba shi da ciwon komai, kuma aurensa zan yi."

Hauke ya juyo ya dube ni. Mama ba ta saki hannunsa ba.

"Wannan fa?"

"Wannan ni na yi. Bari in ɗora kofi, ba labarin da ake ji a tsaye ba ne."